Sunan 'Yar Fari a Bakin Ruwan Benis

Tun da na dawo ban sha gahawar jabana ɗaya cikin natsuwa ba. Da na ɗora ta a kan gawayi sai a yi sallama, da na zuba a finjali sai a sake sallama, kowa da abin da ya kawo shi. Habboba kakarmu, yaya ƙasar Turawa? Da gaske ne ruwa ne titinsu? Me suke ci? Bakina ya gaji. Shi ya sa na zaunar da autata Hauwa, na ce ni in faɗa, ita ta rubuta, duk mai son ji a karanta masa, a bar ni in sha gahawata da zafinta. Ni ban yi makaranta ba, amma na je, na gani, na dawo.

Ga tushen maganar, saboda wanda bai san gidanmu ba. Wadda ta kai ni 'yata ce ta fari. Mu kuwa, tun kakanninmu da suka taso daga yamma suka yada zango a Gadarif ta ƙasar Sudan, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. Da aka yaye ta sai kakarta ta ɗauke ta, ta tashi tana ce mini Yaya kamar yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Ni kuma "Ke" nake ce mata. Da Allah ya ba ta haihuwa da na ce uwar wane na huta, to bai ba ta ba. Ta yi karatu, ta koyi aikin jinya, aiki ya kai ta Italiya, ta haura arba'in a duniya, har yanzu Ke ce.

Ta zo gida bayan an gama yankan riɗi, ta ce ta samu hutu, za ta kai ni in buɗe ido a wani gari da ake kira Benis. Ranar tashi mata sun cika tsakar gida ana ban kwana, sai ta tsaya da jaka a kafaɗa ta ce, "Ku zama shaidu. Wallahi Yaya ba za ta dawo garin nan ba sai ta kira sunana da bakinta."

Aka fashe da dariya. Maƙwabciyata Kaltume ta ce, "To 'yar nan, fara shirin azumin kaffara tun yanzu. Wannan tsohuwar ko an sa mata wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba."

Ita ma tana dariya tare da su. Amma ni na haife ta, na ga dariyar a baki ta tsaya, ba ta kai ido ba. Na gyara tobina, mayafin nan da muke naɗawa, na ce, "Ke, ɗauki waccan jakar, mai keken rakasha yana jira."

Da yake hanyar Khartum ba ta biyuwa a wannan zamani, ta Habasha muka bi. Muka shiga bas, muka tafi, muka tafi, baƙar ƙasa dama da hagu, karan dawa har inda ido ya ƙare. A Doka aka tsaya shan shayi. Mai shayin Bahausa ce, ta dubi ƙullin da na rungume ta ce, "Hajja, ina zuwa?"

Na ce, "Turai."

Ta ce, "Da tukunyar jabana?"

Na ce, "Su ne suka gayyace ni, ba na ce musu zan bar halina a gida ba."

A Galabat ne aka fara yi mini tarko. Jami'in iyaka, wani saurayi mai gashin baki, ya karɓi takardunmu, ya dube ni, ya dube ta, ya ce da Larabci, "Hajja, wannan wace ce?"

Na ce, "'Yar gidanmu ce."

"'Yarki ce?"

"Haka ake faɗa."

"Yaya sunanta?"

Sai na ji ta matso kusa da kunnena, muryarta har rawa take don murna. "Faɗa masa, Yaya. Hukuma ce fa. Ba a yi wa hukuma shiru."

Na ce masa, "Ɗana, takardar tana hannunka. Karanta mini in ji ko daidai suka rubuta." Ya karanta, na gyaɗa kai na ce daidai ne. Ya buga hatimi yana murmushi, ya ce shi ma kakarsa haka take yi wa babansa. Muka tsallaka gada da ƙafa, ita tana gaba tana tsaki, ni ina baya ina tasbihi.

A Matamma aka kawo mana abincin Habashawa, wata kisra ce, irin gurasarmu ta dawa, amma mai kauri, mai ramuka kamar saƙar zuma, mai tsami kamar ta kwana tana fushi. Na ci, don baƙo ba ya raina akushi. Gahawarsu kuwa, wannan kam 'yan'uwanmu ne. Daga nan mota ta hau duwatsu da mu har Gondar, jirgi ya kai mu Adis, inda muka zauna 'yan kwanaki tana ta zirga-zirgar takardu, sannan muka shiga babban jirgin.

Ba zan ɓoye muku ba, da ya ɗaga tsoro ya kama ni. Ta miƙo mini hannu, na kama kujera. Da na samu ƙarfin leƙa taga sai na ga gajimare shimfiɗe a ƙarƙashinmu kamar audugar da aka baza. Na ce, "La ilaha illallahu. Ashe ruwan da muke fita roƙo nan yake kwance yana hutawa." Aka kawo abinci cikin 'yan kwanoni ƙanana kamar na wasan yara, komai a rufe, har gishiri da rigarsa.

Da muka sauka Roma, wani kare ya zo ya tsaya a kan jakata. Kare, jama'a, da ma'aikaci a bayansa, karen ne mai gida. Na ɗage tobina na yi baya ina salati, ina tunanin wanki nawa zan yi. Aka buɗe jakar. Ga riɗi, ga busasshiyar kuɓewa, ga citta, ga yaji. Baturen ya kwance ƙullin yajin ya kai hanci. Ni dai na ce masa kar ya yi, da Hausa, da Larabci. Ya yi atishawa har hularsa ta karkace, abokin aikinsa ya jingina da bango yana dariya, karen ma ya ja da baya. Suka ɗaure mini kayana da kansu, suka nuna mana ƙofa.

Sai jirgin ƙasa, mai gudu kamar an kore shi. Muka tafi, muka tafi, har na ga ya bar ƙasa ya hau kan teku, ruwa nan, ruwa can. Muka fito daga tasha, muka sauko matakala, sai na tsaya cak.

Ku da kuka san Gadarif, ku da kuka san zaman jiran mai jaki da gangar ruwa, ku da kuka taɓa wanke yara uku da kwano ɗaya, ku saurara. Ruwa ne a ƙofar gida. Ruwa ne a bayan gida. Ka buɗe ƙofa, ruwa ne zai fara gaishe ka. Ba mota, ba rakasha, ba jaki ko ɗaya. Mai kwasar shara a jirgin ruwa yake, mai kai burodi a jirgin ruwa, marar lafiya ma jirgin ruwa ke zuwa ɗaukarsa yana kuka. Na durƙusa na ɗebo da hannu na kai baki kafin ta hana ni. Gishiri! Na tofar. Na ce, "Allah mai rabo. Mu ya ba mu ƙishi babu ruwa, su ya ba su ruwa babu sha." Ta yi dariya har ta zauna a kan akwati.

Masaukinmu wani tsohon gida ne siriri, an ɗora ɗaki kan ɗaki kamar kwanonin jere. Mai gidan tsoho ne mai sanƙo, yana magana da hannu fiye da baki. Ya kama hannuna zai kai bakinsa, na fizge, na ce mata, "Ke, gaya masa ni da alwalata." Tun daga ranar sai ya riƙa dafa ƙirji daga nesa yana cewa "Mamma, mamma," ni kuma in ce masa, "Sannu, Malam Sanƙo," mu rabu lafiya. Ɗakin gado ɗaya ne, babba. Ta ce wai sauran ɗakunan sun cika. Ban yarda da zancen ba. Na kwanta can bakin gado, na ba ta baya. Tun da aka yaye ta ban ji numfashinta kusa da ni haka ba.

Abu ɗaya na yaba musu: a banɗakinsu akwai wani ɗan kwano na musamman don tsarki, da famfonsa. Na ce waɗannan mutane saura kaɗan su musulunta.

Da safe na ce zan dafa jabana, ta ce in na hura gawayi a ɗakin nan, garin duka zai taru da jiragen kashe gobara. Ta kai ni inda suke shan tasu. A tsaye! Mutum ya shigo, a miƙa masa ɗan kofi kamar na kwalli, ya kurɓe sau ɗaya, ya fita. Ba citta, ba turare, ba "yaya yara," ba gulmar kowa. Na ce, "Wannan ai magani ne, ba gahawa ba." Da rana aka kawo mini taliya baƙa ƙirin, kamar an dafa ta da tawadar allo. Ta rantse halal ce, wani kifi ne mai tawada. Na ci, da daɗi kuwa. Sai da ta nuna mini haƙorana a waya na ga na koma dodo, na rufe baki da gefen tobi har la'asar. Amma ƙanƙarar madararsu mai zaƙi, kar Hauwa ta rubuta sau nawa na sha.

Duk wannan yawon, tarko bai ƙare ba. Sai ta daina amsa "Ke." Mu shiga lungu, ta yi gaba da sauri, in ce "Ke, jira ni," ta yi kamar da bango nake, har sai na yi tari sannan ta waiwayo tana cewa, "Af, da ni kike? Ai Ke suna da yawa a garin nan." Ta shige banɗaki ta yi shiru, wai ko zan kira. Na buga ƙofar da takalmi. Ta sa Malam Sanƙo ya tambaye ni sunan 'yata, na ce masa ba na jin Turanci, da ma kuwa ba na ji.

Muka je wani babban fili, tattabaru sun rufe ƙasa, ƙosassu, ba mai kama su, ba mai korarsu, har kan mutane suke sauka. Na tuna yadda muke wuni a gona muna ihu kan tsuntsaye har murya ta dushe. Na ce mata, "Biyu kawai, Ke. Ba wanda zai ƙirga." Ta ce in na taɓa su sai dai ta dawo gida ita kaɗai. Muka shiga wani gidan sarauta na da, rufin duk zinariya, ga mutanen dutse a tsattsaye ba ko ɗan kamfai. Na ja tobi na rufe fuska, ta riƙa jana kamar makauniya tana cewa, "Buɗe, Yaya, an wuce," in buɗe in tarar da wani ya fi na baya. A lunguna kuwa sun shanya wanki daga taga zuwa taga, har da abin da mu muke shanyawa a ƙarƙashin zani. Na gaida duk wanda muka haɗa ido da shi. Ba mai amsawa sai tsofaffi.

A kan wata gada ta rungumo kafaɗata za ta ɗauki hoto, kuncinta a jikin nawa. Na janye kaɗan, yadda aka saba. Ta sauke wayar. Ta ce, "Yaya, nan fa ba wanda ya san mu. Ba Kaltume, ba dangin Baba, ba kowa. Wa kike jin kunya?"

Na ce, "Kunya ba don mutane ake yinta ba."

Ta ce, "To don wa?"

Ta yi murmushi ta ce, "Halas, shi ke nan, mu tafi." Daga nan ba ta sake yi mini tarko ba. Na ce mata "Ke," ta amsa da "Na'am" a hankali. Wallahi na fi son lokacin da take ƙin amsawa.

Ana gobe za mu bar garin muka shiga bas ɗin ruwa, wani babban jirgi mai inji da ke tsayawa tasha tasha. Tashar ma a kan ruwa take, tana rawa. Da muka iso inda za mu sauka, ta riga ni fita don ta juyo ta kama ni. Sai ga wata rundunar baƙi masu yawon buɗe ido, dogaye, suna bin wata mata mai ɗaga lema, suka danno ciki kamar tumaki sun ga rijiya. Suka mai da ni baya. Takalmina na dama ya suɓuce, ya faɗa tsakanin jirgi da tasha. Mai igiya, wato ma'aikacin da ke ɗaure jirgin a tasha, ya ja ƙofa, inji ya yi gurnani, jirgi ya tashi.

Ni gajeriya ce, kun sani. Na nutse cikin su, ba ta ganina. Na yi ta kutsawa da gwiwar hannu har na kai ƙarfen bakin jirgin. Can na hango ta. Ta duba dama, ta duba hagu, ta duba cikin jirgi ba ta gan ni ba, sai ta duba ruwa. Ga takalmina yana yawo shi kaɗai.

Na ga ta jefar da jaka. Na ga ta cire rigar sanyi. Na ga ta matsa bakin katakon tashar. Yarinyar Gadarif, wadda ruwan da ta sani bai wuce na randa ba.

Na ce, "Ke!" Inji ya haɗiye.

Na ce, "Ke! Ke!" Ba ta ɗago ba. Ta riga ta sunkuya, wani mutum yana ƙoƙarin kama hannunta tana fizgewa.

Rubuta, Hauwa. Tunda Turawa sun ji, ku ma ku ji. Na cika ƙirjina da iska, na fito da muryar gona, wadda ke tada tsuntsaye daga wannan kunya zuwa waccan, na ce:

"Maryama!"

Ta daskare.

"Maryama! Ga ni nan! Kar ki shiga!"

Ta ɗago kai tana neman inda muryar take. Mai igiya ya gane abin da ke faruwa, ya haɗa hannu a baki ya ce, "Mariyamma!" Matar mai lema ta ɗaga lemarta ta ce, "Mariyamma!" Kafin ka ce kwabo jirgin duka ya ɗauka, dogaye da gajeru, maza da mata, har da wani yaro a wuyan ubansa, kowa yana nuna ni da yatsa yana kiran Mariyamma. Sunan da na riƙe a baki tun ina yarinya mai jego, ga shi a bakin mutanen da ko gaisuwa ba su iya ba, yana bugun bangon gidaje yana dawowa. Wani mai tuƙa kwale-kwale da ke wucewa ma ya sa shi a waƙa.

Ta gan ni. Ta zauna daɓas a kan katakon, hannu biyu a ka.

Jirgin ba ya komawa baya. Mai igiya ya yi mata nuni da tasha ta gaba, ya sauke ni can da kansa, ya zaunar da ni a kan matakala, ya ce "Mamma," ya nuna ƙasa, wato kar in motsa. Ina zan motsa da ƙafa ɗaya? Na zauna ina jira, mutanen jirgin suna ɗago mini hannu har suka sha kwana.

Can sai ga ta ta ɓullo daga wani lungu a guje, ba rigar sanyi, ɗankwali ya zame, tana haki. Ta tsaya a gabana. Na ɗauka faɗa za ta yi, sai ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya koma dariya.

Ta ce, "Ashe kin san shi."

Na ce, "Ɗaura ɗankwalinki, mutane na kallo."

"Sake faɗa, Yaya. Inji ya hana ni ji."

"Kin ji. Kifayen garin nan ma sun ji."

Ta zauna kusa da ni, ta share hanci da bayan hannu kamar ƙaramar yarinya. Sannan ta ce, "Duk shekarun nan, ko da kuskure bai taɓa suɓuce miki ba. Na ɗauka ba ya cikin bakinki ne sam."

Na dubi ruwa, don ba zan iya dubanta ba. Na ce, "Kullum ina faɗarsa. Duk sallah, goshina a ƙasa, shi nake fara faɗa kafin na ƙannenki. Ba ke nake faɗa wa ba ne kawai."

Ta kwantar da kanta a cinyata, a nan, a bakin hanya, Turawa suna wucewa. Ban janye ba. Da na sunkuya sai na ga ashe furfura ta fito mata a gefen kunne, har da yawa. Ban san da ita ba, don rabon da in ga kanta kusa haka tun ba ta da gashin kitso. Na ja gefen tobina na rufe mata kan, na bar hannuna a wurin.